Kwana Goma Sha Ɗaya Muna Jiran Sakamakon Gwajin Kaji

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Yaƙi da Cututtukan Kaji na shiyyarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Sunana Rifkatu, ina zaune a Samaru. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, da na yi ritaya sai na koma kiwon kajin ƙwai a bayan gidana. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani. Ka yi haƙuri da tsawon maganar tsohuwa.

Na farko, ga abin da ya faru. Ana saura mako biyu bikin Ista, ranar Litinin da safe, na shiga ɗakin kajina na farko na tarar da bakwai sun mutu. Jiya-jiya suna cin abinci lafiya lau. Kawunansu sun kumbura, zankonsu ya yi baƙi-baƙi. Ranar Talata likitan dabbobi ya zo, ya ɗebi majina daga maƙogwaronsu, ya ɗauki gawa biyu. Ya ce mai yiwuwa fakat ce, cutar nan da muka saba gani, mai yiwuwa kuma murar tsuntsaye ce, ba zai iya rantsuwa ba sai an kai samfurin babban ɗakin gwaji a wani gari. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce, "Mama, wallahi ban sani ba. Sai an samu motar da za ta kai." Ban ga laifinsa ba. Yaron kirki ne, abin da ke cikin jakarsa kawai yake da shi.

Na biyu, laifina, domin ba zan kai ƙarar wani in ɓoye nawa ba. Ina da ɗaki na biyu a ƙarshen fili, inda nake ajiye tsofaffin kajin da suka rage ƙwai. Su arba'in ne, kuma tun watan da ya gabata na yi wa ƙawata alkawarinsu. Mama Nkechi ake ce mata, tana sayar da kaji a kasuwar Sabon Gari. Iyayenta 'yan kudu ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinta, amma a Zariya aka binne cibiyarta, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Shekara ashirin da biyu muna tare. Ita ta kwana da ni a asibitin Shika lokacin jinyar maigidana, ita ta riƙe ni ranar da aka sa shi a ƙasa.

Likita ya ce in raba kajin, na kuma raba. Na duba na ɗaki na biyu, idonsu tar, suna ta tono. Na ce a raina ai waɗannan lafiyarsu ƙalau, ga lokacin ciniki ya zo, ga alkawari. Ranar Laraba na loda su a Keke Napep na aika mata. Da takalmin da na shiga ɗakin farko na shiga na biyun, wannan sai daga baya na tuna.

Na uku, jiran. Ranar Juma'a mutuwar ta wuce ƙirge a gidana. Na kira Mama Nkechi na ce ta ware waɗanda na aiko, ta ce ai rabinsu sun riga sun shiga kejin maƙwabtanta, haka suke yi wa juna idan kaya sun zo. Kullum ina kiran likita, kullum amsar ɗaya ce. Sai a rana ta goma sha ɗaya sakamako ya fito: murar tsuntsaye ce. Washegari ma'aikatanku suka zo cikin fararen kaya da takunkumi, suka kashe 'yan kajin da suka rage, suka haƙa rami a bayan gidana suka zuba. Daga nan suka wuce kasuwa, aka rufe layin masu kaji gaba ɗaya, aka kwashe na kowa. Aikin da suka yi daidai ne, ban musa ba. Sai dai motoci uku na gani a ranar kisa, alhali mota ɗaya ta gagara a ranar kai samfuri.

Mutanen layin suka ɗora wa Mama Nkechi laifi. Matan da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya da ita suka daina amsa gaisuwarta. An tambaye ta daga ina kajin suka fito, ta ƙi faɗa wa kowa sai ma'aikatanku. Da na je gidanta ina kuka na ce zan je in gaya musu da bakina, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Rifkatu, zauna. Ke ba ki sani ba, ni ban sani ba. In an zage ni an zage ki, me aka ƙaru?" Na zauna, kuma har yau ina jin kunyar zaman nan.

Ba a yi wata biyu ba hawan jini ya kayar da ita a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. 'Ya'yanta suka zo suka tafi da ita kudu, garin iyayenta, wanda ba ta taɓa yin wata guda cur a cikinsa ba.

Na huɗu, abin da ya sa na kasa yin shiru. A ƙungiyar mata ta majami'armu akwai wata malama mai bincike, Dakta Saratu. Da ta ji labarina sai ta gayyace ni ɗakin aikinta, ta nuna mini wani ɗan tsinke mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ta ce an shafa masa ƙwayoyin zinariya ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, an manna musu wani sinadari da ke cafke ƙwayar murar tsuntsaye ita kaɗai. A ɗiga majinar kaza, in cutar na nan sai ƙwayoyin su taru, jan layi ya fito. Kimiyyar nano suke kiran abin. Ta gwada a gabana da samfurin da aka riga aka kashe ƙwayarsa. Ban gama shan ruwan da ta ba ni ba layin ya bayyana.

Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce aikin bai kammala ba, sai an jarraba shi a gonaki da kasuwanni, kuma ko ya kammala dole babban ɗakin gwaji ya tabbatar. Ta ce ta rubuto wa kwamitinku tana neman izini da haɗin kai, ba ta ji amsa ba. Ranka ya daɗe, na fito daga ɗakin nan na zauna a gindin bishiya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne kajina. Da likitan nan na da irin wannan tsinke a jakarsa ranar Talata, ko rabin gaskiya ya faɗa mini, da kaza ɗaya ba ta bar gidana ranar Laraba ba.

Don haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. Ka nemo takardar Dakta Saratu ka karanta, ka kira ta da sauran masu irin wannan bincike ku zauna. Kafin na'urarsu ta kammala, a ware abin hawa da zai kai samfuri a ranar da aka ɗebe shi. A kuma ba likita ikon ya ce wa mai kaji kai tsaye kada ta fitar da ko gashin kaza, domin irina muna da yawa, masu ganin ido tar su ce lafiya. In an tashi jarrabawar, a fara da layin masu kaji na Sabon Gari, ni ma ɗakunana biyu suna nan fanko, na ba da su kyauta.

Roƙo na ƙarshe ga mutanen layin ne, tunda na san za a karanta musu. Kajin daga gidana suka fito. Ni ce, Rifkatu ta Samaru. Ranar Lahadin da ta wuce 'yar Mama Nkechi ta kara mata waya a kunne muka yi magana, harshenta ya yi nauyi, da ƙyar na gane abin da take faɗa. Tambaya take ko an buɗe layin, ko Maman Bose, maƙwabciyarta a layin, ta samu ta sake zuba kaya. Ku neme ta ku gaishe ta tun tana iya ji.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya ba ka zuciyar sauraron ƙananan mutane.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rifkatu, Samaru, Zariya.