Hoto Marar Kala

Birnin Kudu,
Ranar Litinin.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida na Gwaram da na Farin Dutse. Yaya jikin Inna? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma jikina lafiya, zuciya ce dai sai a hankali.

Ka yi haƙuri da saƙon takarda. Tun ranar da Baffa Hambali, babban gidanku, ya ce a dawo da ni gidanmu in huta, Baba ya karɓe wayata ya kulle a akwatinsa. Malam Buba direba ya yi mini alkawarin zai ba ka wannan hannu da hannu. Ba ka tsaya ka ji ta bakina ba, to ga ta a rubuce.

Da ka tafi sayen riɗi ƙauyukan bayan Fagam, ka ce mini can babu sabis sai an hau tudu. Gidan ya yi mini faɗi. Na share inda na riga na share, na ƙarasa littafin da nake karantawa, na sake komawa farkonsa. Ka san a littattafan nan idan miji ya yi tafiya, matar ba ta zama haka kawai, sai ta aika masa da abin da zai sa ya kasa cin abinci. Ni ma sai na ce bari in yi nawa.

Na ɗauko hotonka na Babbar Sallah, wanda ka karkata hula kana kallon gefe. Na cire masa kala, ya koma baƙi da fari. Wallahi ka yi kyau! Ka fito kamar mutanen bangon littafi, waɗanda ake jira a bakin ƙofa. Na sa 'yar farar kurciya a gefe da fure ɗaya, na rubuta a ƙasa, "Ka tafi ka bar ni, gidan ya yi shiru." Na ɗora a sitatus, don in ka hau tudun nan ya zama abin da za ka fara gani. Daga nan wayar ta mutu, na aika da ita wurin mai caji, na shiga wanki.

Abin da na yi ke nan. Ban rubuta Innalillahi ba. Ummussalma ta gidan kawunka ce ta ɗauki hoton ta ƙara wannan a sama, ta watsa a guruf ɗin dangi. An kira ka ba ta shiga, an kira ni a kashe. Shi ke nan, kowa ya ce ai magana ta tabbata.

Akwai abin da na san ba a gaya maka ba. Ina cikin shanya sai ga matan unguwa sun shigo da salati, wata ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri, Yahuza lokaci ya yi. Na zube cikin ruwan wanki, na yi kukan da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Sai da na samu numfashi na tambaya wa ya kawo labarin, mota ce ko ciwo. Aka miƙo mini waya aka ce ga sanarwar nan. Na duba, sai na ga kurciyata da furena.

To ka gani, ni ma na yi takabarka, ko da ta ɗan lokaci ce. Amma da ka dawo ka tarar da tabarmi a ƙofar gidanku ana karɓar gaisuwarka, ka ji Inna ta faɗi da jin mutuwar ɗanta, an wuce da ita asibiti, ko kallona ba ka yi ba. Ban ce ba ni da laifi ba. Laifina dai bai kai a ce ko sallama ba za a yi mini ba.

Don Allah ka ba Malam Buba amsa, ko layi biyu ne. Ka gaya mini ko Inna ta fara cin abinci, kuma yaushe za a zo a mayar da ni ɗakina. Na bar jiƙon gero a bayan randa, ka sa a zubar kafin ya yi tsami.

Taka har kullum,
Nasiha.

Birnin Kudu,
Ranar Juma'a.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Ta Inna kuwa ba sai na tambaye ka ba, tunda asibitin da aka ba ta gado a garinmu yake, kuma labari yana iso ni ko ban nema ba.

Malam Buba ya ce ya ba ka takardata, ka sa a aljihu, ka ce ka gode. Shi ke nan amsar? Na kuma ji cewa kana zuwa duba Inna, kana bi ta bakin layinmu a kan babur ka wuce. Yaya Murja ta gan ka da idonta. A littafi ko miji ya yi fushi, yakan tsaya daga nesa ya kalli ƙofar gidan. Na tambaye ta ko ka waiwayo, ta ce in rabu da ita, kai hanya kake kallo.

Jiya na dama kunun gyaɗa, na sa a fulas, Yaya Murja ta raka ni asibiti. Ƙanwarka Juwairiyya, da take jinyar Inna, ta tare ni a bakin ɗaki. Ta ce likita ya hana duk abin da zai tayar wa Inna da jini, kuma a saninta babu abin da ya kai fuskata. Ta karɓi fulas ɗin da yatsa biyu, ta tambaye ni ko shi ma kunun na cire masa kala. Matan da ke zaune a baranda suka kwashe da dariya. Saboda darajarka na juya na koma gida.

A unguwa ma haka. An sa mini suna, wai Amaryar Marigayi. Ko biki na shiga sai a fara ɓoye waya, ana cewa kada Nasiha ta ɗauke mu, ba mu shirya tafiya ba. Umma ta kwashe littattafaina duka ta zuba a buhu, ta ce su ne suka juya mini kai.

Abin da ke cina shi ne, kowa ya tsaya a kan cewa hoton sanarwar mutuwa ne, kamar ni da na yi shi ban san abin da nake nufi ba. Baba ya ce tun da aka fara waya a ƙasar nan, wa ya taɓa ganin hoton mai rai babu kala da kurciya a gefe? Na ce a bangon littafi ana yi. Ya ce to mutanen Farin Dutse a bangon littafi suke zaune?

Sai na tuna da shanun nan da aka zana a jikin Dutsen Mesa. Muna firamare aka kai mu. Malaminmu ya ce mutanen zamanin da ne suke roƙon arziki. Kakata ta ce a'a, wurin da ake kai amare ne a zamanin iyayenta. Wani Bafulatani da muka tarar yana kiwo ya leƙa, ya ce shi dai ya ga saniya mai ciki, kuma wanda ya zana ta ya san shanu. A lokacin dariya muka yi. Yanzu tausayin mai zanen nake ji. Wataƙila shi ma saniyarsa ce ta ɓata, yana kewarta, ya zana ta don ya rage zafi. Ga shi shekara da shekaru ana ta faɗa masa abin da yake nufi. Shi ya mutu, ba shi da bakin musu. Ni kuwa ina raye, ina faɗa, ba mai ji.

Ba na son in yi maka rashin kunya. Amma Baffa Hambali ya aiko wa Baba cewa komawata tana hannun Inna, in ta ce ta yafe shi ke nan, in ba ta ce ba a ci gaba da hutawa. Ta yaya za ta yafe wa wadda aka hana ta gani? Kai kaɗai ne za ka iya shigar da ni ɗakin nan, kai kuma hanya kake kallo.

Na gaji da hutun nan. Ka gai da mutanen gida.

Matarka,
Nasiha.

Birnin Kudu,
Ranar Laraba.

Malam Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na ji an ce riɗi ya yi kyau bana, Allah Ya sa albarka. Yau ba amsa nake nema ba, labari zan ba ka, tunda na ga alama kai ne na ƙarshen jin komai.

Shekaranjiya Inna da kanta ta aiko a kira ni. Ta ce kuma in zo da wayar. Baba ya buɗe akwati ya ba ni, yana ta yi mini kashedi. Na tafi, na shirya kalaman ban haƙuri tun daga gida, masu kyau, irin waɗanda ke sa uwar miji hawaye a littafi. Ko ɗaya ban samu na faɗa ba. Ina durƙusawa ta ce in tashi, ƙasan asibiti ba wurin durƙuso ba ne. Ta aiki Juwairiyya sayo lemo, ta ce kada ta yi sauri.

Sai ta ce in nuna mata hoton. Na ce Inna ki rufa mini asiri, kada jininki ya sake hawa. Ta ce jininta ne ko nawa? Na buɗe na ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sa babban yatsa ta rufe kurciyar.

Ashe ranar da abin ya faru, da maƙwabciyarta ta miƙo mata wayar, ba kai ta gani ba. Ka san Inna ba ta karatun boko, rubutun bai ce mata komai ba. Ta ce ita Malam ta gani, mahaifinka, yana saurayi, da hularsa a karkace yadda yake sa ta in zai tafi makarantar allo, yana kallon gefe kamar an kira shi. Har ta tambaya wa ya ɗauki Malam hoto, mutumin da har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi ba. Tana cikin wannan farin cikin aka ce mata ai ba Malam ba ne, ɗanta ne, kuma ya rasu. Ta ce a numfashi ɗaya aka ba ta miji aka karɓe mata ɗa, wace zuciya ce za ta ɗauka?

Ta ce duk shekarun nan tana ganinka kullum ba ta taɓa lura ba, saboda kai ka ɗauko hasken fatarta, Malam kuwa baƙi ne. Sai da aka cire kalar, kamannin suka fito. Ko sunanka ba ta kama ba, ka san ta da kunyar ɗan fari, wannan yaron kawai take cewa.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ta ce in share hawaye, ta ga kukan da ya ishe ta a watan nan. Ta yi mini faɗa sosai, ba zan ɓoye maka ba. Ta ce macen kirki in tana kewar mijinta tuwo take tuƙa masa ta ajiye, ba ta sanar da ƙananan hukumomi biyu. Na ce to, Inna. Sannan ta rage murya ta ce, ana iya wanke wannan hoton a takarda? Babu tsuntsuwar, babu furen, babu rubutun, kuma kada a kuskura a mayar masa da kala. Ba na bango take so ba, don Malam ba zai so a rataye shi ba. Ƙarami, wanda zai shiga ƙasan adakarta.

Jiya na je wurin mai hoto na bakin kasuwa aka wanke. Shi ma da ya gani sai da ya ce Allah Ya jiƙansa. Na ce amin, domin wannan karon ya faɗi daidai, hoton ya zama na Malam. Na kai wa Inna, ta naɗe shi a gefen zane ta ɗaure. Da Juwairiyya ta tambaya mene ne, ta ce mata lambar gado ce.

An ce gobe Alhamis za a sallame ta. Ta gaya wa Baffa Hambali a gabana cewa ba za ta shiga motar Malam Buba ba sai da ni a gefenta, wai ni na kwantar da ita, ni zan tashe ta. Za mu fara sauka a Farin Dutse in kwana biyu ina yi mata kunu, daga nan in wuce ɗakina. Umma ta ce buhun littattafan zai zauna a nan. Na ce to, amma na zare guda biyu.

Saura kai. Tun ranar da abin ya faru na buɗe wayata na duba, mutanen da suka kalli hoton nan sun fi a ƙirga, har da waɗanda ban san da lambarsu ba. Sunanka ne kaɗai babu. Ummussalma ta ga gawa, Inna ta ga mijinta, mai hoto ya yi addu'a, shi kuwa wanda aka yi abin dominsa ko tudun bai hau ba. Don haka na sa an wanke guda biyu, ga ɗayan nan cikin takardar. Ban sa kurciya ba, ban sa fure ba. Ka juya bayansa, na rubuta abin da nake nufi da manyan baƙaƙe, yadda ko Baffa Hambali ba zai yi masa wata fassara ba.

In ka karanta, ka zo Farin Dutse ka tare mu. Kuma ka karkata hular, Inna za ta so ta gani.

Matarka, wadda ta riga ta yi kukanka sau ɗaya,
Nasiha.