Zanen da Ka Ce Ba Ya Motsi

Wurno,
ranar Laraba, bayan an tashi daga makaranta.

Zuwa ga hasken da yake fara sauka a kan fadama da sassafe, sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara, farin furen albasata, inuwar da ba ta gudu idan rana ta take, Yaya Zayyanu.

Aminci ya tabbata a gare ka, aminci mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida.

Ka ga na rubuta sunanka? Hannuna bai karye ba, biro bai ƙafe ba, rufin ɗaki bai faɗo mini ba. Na dai waiwaya na duba ƙofa kafin in rubuta, na sake waiwayawa bayan na gama. Ashe hannuna ya fi bakina jarumta! To yau hannun ne zai yi magana, ka yi haƙuri ka saurare shi har ƙarshe.

Jiya da aka fita tara, Rumaisa, ƙanwarka kuma aminiyata, ta ja ni gindin dogonyaron da ke bayan ajinmu. Ta ce ranar Lahadi za ka bi Kawu Ismail zuwa Goronyo, ka riƙe masa sabon shagonsa na cajin waya da tura fina-finai. Wannan bai girgiza ni ba. Goronyo ba bayan duniya ba ce, motar albasa ma kullum tana zuwa tana dawowa. Abin da ya girgiza ni shi ne sauran zancen. Wai ka ce ba za ka ƙara zuwa ƙofar gidanmu ba, domin ka gane ba na son ka, kuma kai ba ka takura wa 'yar mutane. Wai ka ce zance da Raihana kamar zance da turmi ne, turmin ma gara shi, in an daka yana amsawa.

Turmi! Ni ce turmi, ya sanyin idona? Rumaisa tana faɗa tana dariya, ni ma na yi dariya don kada ta gane, amma darasin da aka yi bayan nan ban san ko na lissafi ne ko na tarihi ba. Mi na yi maka? Ko in ce, mi na kasa yi maka?

Bari in tuna maka da wata rana, ko da yake na san ba ka manta ba. Ranar da na zo gidanku ni da Rumaisa muna bitar jarrabawa a tsakar gida, kanmu ya yi zafi, littattafai sun baje a kan tabarma. Ka shigo daga shago da waya a hannu, ka ce mu huta, ka samo wani abu da ya girmi kakanninmu. Ka jingina wayar da gwangwanin madara, ka koma gefe ka tsuguna. Sai ga katun, amma ba irin na yanzu masu launi da surutu ba. Baƙi da fari ne kawai, hoton yana rawa, ɗigo-ɗigo suna yawo a kansa kamar ana yayyafi. Wani jaki ya fito sanye da hula, ƙafafunsa suna lanƙwasa kamar roba. Rana ta leƙo daga bayan dutse tana hamma tana miƙa. Butar shayi ta sauko daga murhu da ƙafafunta ta kama rawa, gidajen garin duka suna rausaya suna bin kiɗa. Babu wanda ya ce uffan a cikinsu, kiɗa ne kawai da sarewa, amma babu abin da ya ɓace mana.

Ka tuna inda jakin ya hango wata macen jaki mai dogon gashin ido? Zuciyarsa ta fito daga ƙirjinsa tana bugawa a fili, ya sa hannu ya mayar da ita, ta sake fitowa! A nan ne dariya ta ƙwace mini, na toshe bakina da hijabi. Da na ɗago, na ga ba wayar kake kallo ba. Wayyo, wannan kallo! Da a cikin katun nake, da ka ga tawa zuciyar ta tsallake tabarma ta faɗa cikin kwandon tafarnuwar Inna. Allah ya rufa mini asiri, ni mutum ce, ƙirjina yana da ƙofa.

Ranar ce ka yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ka ce kusan shekara ɗari ke nan da aka yi su, a wata ƙasa mai nisa, a wani gidan zane inda mutane suke zama jere a kan tebura tun safe. Ka ce a gidajen silima ake nuna su kafin a sa babban fim, mutane su yi dariya su ware. Ka ce babu na'urar da ta zana musu, da hannu suka yi, takarda bayan takarda, kuma kafin jakin nan ya ɗaga kunne ɗaya sai an zana shi sau da yawa, kowane zane ya bambanta da na bayansa da abin da bai fi silin gashi ba. Ka tsayar da hoton, ka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan da yatsa. Rumaisa ta rantse duk iri ɗaya ne. Ka ce mata ai wanda ya kalli zane ɗaya zai rantse ba ya motsi, sai an jera su an bar su su gudu. Ka ce mutanen nan masu haƙuri ne, kuma kai kana son mai haƙuri.

To, ya malamina, ya zumar da ƙudanta bai taɓa harbin kowa ba, yau ɗalibarka za ta mayar maka da karatunka. Ka kalli zane ɗaya, ka rantse ba ya motsi. Don Allah ka jera su!

Bayan Kawu Ismail ya zo ya gaida Baba, aka ba ka izinin zuwa bayan la'asar, da sharaɗin kada karatuna ya taɓu. Zuwanka na farko, ina ka gan ni? Ba ka gan ni ba, ina ɗakin Kaka Turai, bayan buhunan gero. Da ka dawo, na fito har bakin zaure, na tsaya a bayan ƙyaure, abin da ka gani shi ne gefen hijabina. Wata rana na kawo maka ruwa da kaina, rabinsa ya zube a hanya, ka sha sauran ka ce ka ƙoshi. Daga nan na fara zama a can bakin tabarma, ina ƙirga zanen lallen ƙafata, kai kana ta ba ni labarin masu zane don kada shiru ya cinye mu. Zuwanka na ƙarshe kuwa, idona ya tashi daga ƙasa, ya hau har aljihun rigarka inda biro yake. Ka san nisan da ke tsakanin bayan buhunan gero da aljihun rigarka? Ya fi daga nan zuwa Rabah a ƙafa! Kowane zuwa na matsa da silin gashi, kowane zuwa sabon zane na kawo maka, na kwana ina shirya shi. Kai da ka iya ganin motsin kunnen jaki, yaya aka yi ka kasa ganin nawa?

Sai maganar faifai. Wannan kam sai na kai ƙararka wurinka.

Kaka Turai ce ta ba ni dabarar. Ita ma ta kamu da katun ɗinka, tun da Rumaisa ta ba ni aron memorin. Ta ce sun tuna mata da majigin da ake kawowa garin nan suna yara, a haska a jikin bango, su zauna a ƙasa suna ihu, wasu su gudu don sun ɗauka aljanu ne. Yanzu kullum sai ta ce in kunna mata mijinta mai hula, jakin take nufi. Da ta ga bakina ya ƙi buɗewa a gabanka, sai ta ce ai su a zamaninsu budurwa ba ta faɗa da baki. Ita damina guda ta yi ba ta ce wa marigayi kakana komai ba. Faifai ta saƙa da hannunta, ta rufe masa ƙwaryar fura da shi, yana gani ya gane, washegari ya turo manyansa.

Sai na zauna saƙa. Duk 'yan matan unguwarmu ja da kore da ruwan ɗorawa suke sa wa nasu. Ni na ce baƙi da fari kawai nake so, kamar zanenka. Mama ta tambaye ni ko rinin ne ya ƙare a kasuwa. Yayata Murja ta ce faifan zabuwa na yi. Kaba ta yanke ni a yatsa, na tsotse jinin na ci gaba. Na gama, na dama fura da kindirmo mai kauri, na rufe, na kawo maka, zuciyata tana kiɗa kamar gangar katun ɗin nan.

Mi ka yi, ya farin watana? Ka ɗauke faifan, ka sha fura, ka ce Allah ya yi albarka. Sannan ka ɗauki faifan ka kama fifita da shi! Kana fifita kana gaya mini cewa babu abin da ya kai baƙi da fari kyau a idonka, amma mutanen yanzu ba sa lura. Ba sa lura! Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya, sai na yi abin da na fi iyawa, na yi shiru.

Da na shiga gida na ba Kaka labari, ta ajiye carbinta ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Wanga yaro mi yas same shi? Ya gane zancen jakin da bai da baki, ya kasa gane ɗiyar mutane?” Jiya kuma da na gaya mata maganar Goronyo, ba ta yi dariya ba. Ta ce samarin yanzu sai an rubuta musu a allo, in je in rubuta. Ga shi na rubuta.

Ina son ka, Yaya Zayyanu. Ina son ka kamar yadda shinkafar fadama take son ruwan gulbi, kamar yadda bado yake buɗewa idan rana ta taɓa tafki, kamar yadda balbela take bin garke ba tare da an kira ta ba. Ina son yadda kake tsugunawa gefe don kada ka tare wa mutane kallo. Ina son yadda idonka yake haske idan kana maganar mutanen da suka rasu tun kafin a haifi Baba, kamar maƙwabtanka ne. Tun ranar tsakar gidan nan nake tafiya kamar jakinka lokacin da ya wuce bakin dutse bai sani ba, yana ta taka iska yana murmushi. Ka tuna bai faɗi ba sai da ya duba ƙasa? Jiya Rumaisa ta kusa sa ni in duba. Kada ka bari in duba, ya inuwata, ƙasan da nisa!

Ban ce kada ka je Goronyo ba. Ka je, Allah ya sa albarka a shagon, ya kawo maka mutane kamar ranar kasuwa. Ni ma ga jarrabawa a gabana, kuma na yi wa Baba alkawarin sakamako mai kyau. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, kafin ka tafi. Na yi alkawari zan yi magana, da baki, da murya. Tun jiya nake gwadawa a kan akuyar Mama, na ce mata sannu da zuwa, ta amsa, na tambaye ta mutanen gida, ta cinye mini gefen littafin Turanci. Idan muryar ta fito ƙarama, ka matso da kunnenka. Idan kalma ɗaya ce kawai ta fito, kada ka raina ta, ka ɗora ta a kan sauran zanen.

Akwai wuri ɗaya da ba na so a katun ɗin nan, wato ƙarshe, inda baƙar da'ira take tahowa daga gefe tana tsukewa, tana tsukewa, har ta haɗiye fuskar jakin. Amma akwai guda ɗaya da ka nuna mana, wanda da'irar ta kusa rufewa sai ya zuro hannu ya riƙe ta, ya leƙo da kai yana neman macen nan. Wannan takarda hannuna ce na zuro. Na riƙe, ina nan riƙe, amma ka san hannun da ya zubar da rabin kofin ruwa ba shi da ƙarfi sosai. Ka yi sauri.

Ni ce taka, a Wurno ko kana Goronyo, da rani da damina, da shiru da magana, har ranar da gashina zai koma baƙi da fari, har ya koma fari duka,

Raihana.

Rumaisa ta ce in ba ta faifan ta kawo maka tare da takardar. Na hana. Yana nan rataye a ɗakin Kaka. Mai son ya duba shi da kyau ya san ƙofar.