Abin da teku ta ci

Bronx, New York

Zuwa ga ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya Hajara da yara, ya kuka ji da damina? Mu nan lafiya, sai ƙarar jirgin ƙasa.

Ka san ina jin haushin ɗan nan nawa, Musa. Ya yi boko, ya ɓuge da yi wa wasu tsibirai aiki, kullum taro kan ɓarnar da teku ke musu, ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, alhali ga garinmu. Ranar Juma'a ya kawo abokin aikinsa, mutumin tsibiran can, cin tuwo. Na ce a tambaye shi me teku ta ci musu da ake ta taro haka. Baƙon ya ce, "Baba, kabarin mahaifina." Wai itatuwan bakin ruwa aka sare, ruwa ya samu hanya.

Ban ƙarasa tuwon nan ba. Itatuwan ɗorawar da ka sayar wa masu gawayi na tuna, da kwazazzabon da ke matsowa maƙabartar da Baba yake kwance.

Ban huce ba kan itatuwan nan, Sule. Amma kafin ruwa ya ɗauke, ka dasa wasu a wurin. Can nake so a binne ni, kusa da shi.

Ka gai da liman, a sa mu cikin addu'a.

Yayanka,
Garba