Littattafai Biyar a Ƙarƙashin Dardumai

Assalamu alaikum Idi,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu mai kai ta, kuma ko na kai ta da kaina ba za ka buɗe ba. Amma zan rubuta, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai wata shida ke nan tun da muka sallace ka a Harami, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai da ka jawo mini ita.

Gida lafiya lau. Maryam ta fita takaba, ta koma koyarwarta. Yaranka suna zuwa mana ran Juma'a, su ci tuwon da matata ta tuƙa, su gode da Larabci. Mai tsiren bakin layinmu na unguwar Tandabawi har yau idan ya gan ni sai ya ƙulla kashi biyu, sannan ya tuna ya kwance ɗaya. Shago yana nan a Rusaifa yadda ka bar shi, ciniki sai a hankali, muna jiran masu Umara.

To, mutanenka sun rubuto. Ƙungiyar nan taku nake nufi, ta masana tsofaffin wasannin kwaikwayon ƙasar Sifen. Har yau idan aka tambaye ni aikinta sai na yi ta kame-kame. Me zan ce? Manyan mutane ne masu furfura, daga ƙasa-ƙasa, kowace shekara su hau jirgi su taru a gari ɗaya, su kwana huɗu suna gardama a kan wasan da aka rubuta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wai baran cikin wasan ta ƙofar dama ya shigo ko ta hagu. Haka nake faɗa a majalisa, a yi dariya. Kai ma kana jina, ka yi murmushi ka sunkuyar da kai. Yau zan gaya maka gaskiya: ban taɓa yin wannan ba'ar da zuciya ɗaya ba. Hassada nake yi maka, Idi. Tun farko har ƙarshe.

Ka tuna ni na fara kai ka ofishin muɗawwifi, mai kula da hidimar alhazai, lokacin aikin Hajji, muna yi wa alhazai jagora? Aka haɗa ka da wasu 'yan tsirarun alhazai masu jin Sifaniyanci, kafin a sauko daga Mina ka fara kama bakinsu. Baba ya dube mu ya yanke hukunci a zaune. Ya ce Idi yana da kai, a bar shi ya yi karatu, Haruna yana da hannu, ya riƙe shago. Shi ke nan aka raba mana duniya. Ka tafi Riyad, ka tafi Sifen, ka dawo Dakta Idris mai koyarwa a Jidda. Ni kuwa na zama wanda ya san bambancin dardumar Turkiyya da ta Sin da ido a rufe.

Amma akwai abin da na samu wanda kai ba ka samu ba. Ni na zauna da Kaka har ta rasu. Ni na sha zaginta da tsokanarta da labaran Kano da ta baro tana yarinya. Hausarka kuwa ta rame a hanya, sai ka yi jimla ɗaya ka cike biyu da Larabci. Shi ya sa da ka ce kana so ka mayar da wasannin nan Hausa, wurina ka zo.

Shekara bakwai muna yi. Kowace Juma'a bayan la'asar, na sauke ƙofar shago rabi, na dafa shayi da na'ana'a. Ka karanta da Sifaniyanci, ka fassara mini da Larabci, ni kuma na juya shi Hausa na rubuta da ajami a littafin 'yan makaranta. Maganar sarakuna da masu takobi kana iya taɓawa, su da ma ba su san komai ba sai mutunci da rantsuwa. Amma baran da ke bin ubangidansa yana tunanin abinci, wanda ba a rasa shi a kowane wasa, wannan nawa ne. Ka tuna ranar da ka ce a littafi baran ya ce tsoro yake ji? Na ce maka baran Bahaushe ba zai taɓa faɗin haka a gaban ubangidansa ba, sai dai ya ce cikinsa ne ya murɗa, bari ya zaga ya dawo. Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka. Haka muka cika littafi biyar, wasa huɗu da rabi.

Sannan idan lokacin taro ya zo, ka ɗauki hoton shafukan a wayarka ka tafi. Ka dawo da jaka mai tambari da katin da ake ratayawa a wuya, sunanka rangaɗaɗau a jiki. Mutane su cika falo suna yi wa Dakta sannu da zuwa, ni ina zagayawa da butar gahawa. Tsarabata kullum alƙalami ne mai tambarin ƙungiya. Guda bakwai gare ni a aljihun tebur, ban taɓa cire murfin ko ɗaya ba.

Bari na faɗi mafi muni, tunda na fara. Ranar zaman makokinka, da aka jera kujeru a layi bayan magariba, na duba ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Na san dalili, yawancinsu ba Musulmi ba ne, Makka ba ta shiguwa gare su. Kuma wallahi na ji daɗi. Ina tsaye ina karɓar gaisuwa, hawaye a fuskata, zuciyata tana cewa yau dai nawa ne kai, babu farfesan da zai iso nan. Wane irin ɗan'uwa ne yake tunanin haka a kan gawar ƙanensa? Astagfirullah.

Wasiƙarsu wurin Maryam ta zo. Sakatariyar ƙungiyar ce ta rubuto, wata tsohuwar farfesa. Ta ce suna so su buga fassarar a littafi don tunawa da kai, hotunan da ka bari a wurinsu guntu-guntu ne, suna roƙon a aika musu ainihin littattafan. Har sun haɗo da zanen bangon littafin. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya takardar baya. Sunanka ne kaɗai.

Da Maryam ta tambaye ni littattafan, na ce ban gan su ba, wataƙila suna ofishinka na Jidda. Alhali suna shago, ƙarƙashin tulin dardumai a lungun baya, ni na sa su da hannuna. Sau uku tana tambaya, sau uku ina maimaita ƙarya. Na ce a raina in dai babu sunana, to su ruɓe a nan. Kuma na san za su ruɓe ɗin, domin ko an gano su babu mai amfana da su sai da ni. Yaranmu za su iya haɗa baƙaƙen, amma ba za su san me suke faɗa ba. Maryam baiwar Allah ta birkice gidanku kaf, ta je Jidda sau biyu, ta kira ni tana kuka wai ta tozarta amanar mijinta. Na ce ta yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara. Ka ji bakin da nake salla da shi.

Sai ta turo mini wani bidiyo da suka aiko mata, wai ko zai sanyaya mini zuciya. Na buɗe a shago da hantsi, babu kowa. Ga ka a kan dandamali a wani tsohon tsakar gida mai barandar katako, da farar jallabiyarka da hula, fassara tana fitowa a bango bayanka. Kana yin baran nan da Hausa, babu takarda a hannunka. Ka turo hula gaban goshi. Ka sosa ƙeya. Ka ja tsaki kafin ka fara magana. Idi, ni kake yi. Tafiyata ce, muryata ce, har yadda nake karkatar da kai idan mai saye ya raina mini kaya. Turawan nan suna ta dariya, wani tsoho har yana share ido.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na ce kalmomina ba su ishe ka ba, sai ka haɗa da tsakina ka kai musu? Amma da na sake kallo, sai wani kishin ya taso, wanda ya fi na farko ciwo. Wannan Idin da ke tsalle yana murguɗa baki, yaushe rabon da mu gan shi a gida? Mu Dakta muka sani, mai gyaran murya, mai duba agogo. Ni ma sai ran Juma'a nake ɗan ganin gefensa, awa biyu. Su kuma ka ba su shi gaba ɗaya, kwana huɗu kowace shekara. Me suka yi maka da ba mu yi ba? Su suka goya ka zuwa asibiti lokacin da ka faɗo daga katangar makaranta?

Makon jiya farfesar ta zo Jidda, iyakar inda za ta iya zuwa ke nan. Ban gaya wa Maryam ba, na zaro littafi ɗaya na sa a leda na hau jirgin ƙasa. Ciniki na tafi yi, kuma ka san ni a ciniki. Tun daga tasha nake jera hujjoji. Idan ta ce kai ne masani, zan ce ta karanta mini layi ɗaya na ajamin nan. Idan ta ce dokar ƙungiya ce, zan naɗe ledata na miƙe.

Na shiga falon otal ɗin ina raba ido, ban san lokacin da na turo hula gaba ba. Sai wata 'yar tsohuwa mai sandar tafiya ta miƙe daga can nesa, ta toshe baki da hannu, tana dariya tana hawaye. Kafin na faɗi ko wane ne ni ta kira sunana. Da Larabcin littafi take magana, irin na masu karanta labarai. Ta ce duk ƙungiyar sun san Haruna. Ta ce ba ka taɓa hawa dandamali ba sai ka fara faɗin cewa baran aikin yayanka ne, kuma sau uku suna cewa ka zo da ni.

Nan take na tuna. Ka gayyace ni. Na farko na ce wa zai tsare shago. Na biyu na ce ni ba ɗan dakon jakar kowa ba ne. Na uku ko ɗaga kai ban yi ba, na ci gaba da jera carbi a kan ƙusa har ka gaji ka fita. Ina so na je, Idi, kamar na mutu. Tsoro nake ji na tsaya a bayanka a ga bambanci.

Amma kada ka ɗauka na wanke ka tas. Faɗa da baki daban, rubutawa daban, kai ka fi kowa sanin haka, aikinka ke nan. Ta ce a takardunsu babu inda ka rubuta cikakken sunana, shi ya sa bai hau bango ba. Shekara bakwai, me ya hana ka? Mantuwa ce, ko kai ma akwai abin da kake tsoro? Wannan tambayar ba ni da mai amsa mini ita.

Saboda haka na gindaya sharaɗina yadda na shirya. Na ce littattafan suna wurina duka biyar, zan bayar, zan kuma zauna na karanta su a naɗi murya don a mayar da su boko. Amma sunana zai hau bango, kuma shi ne a sama, naka a ƙasa, ni ne babba. Na faɗa na gyara zama ina jiran faɗa.

Babu faɗan da aka yi. Ta ciro zanen bangon daga jaka, ta tambaye ni yadda ake rubuta sunan, ta rubuta shi a saman naka, ta ce haka ya dace. Ta ba ni kwafin takardar na taho da shi. Duk abin bai kai shan shayi ɗaya ba.

A jirgi ina dawowa na ciro takardar ina kallo. Abin da nake nema tun ranar da Baba ya raba mu, ga shi a hannuna, amma ban ji komai ba. Na fara tunanin wa zan nuna wa. Baba ba ya nan, Kaka ba ta nan. 'Yan majalisa za su ce ashe ni ma na shiga masu gardamar ƙofa. Maryam kuwa da wane ido zan miƙa mata? Har muka iso Makka ban samu mutum ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan ba Turawa nake so su ga sunana ba. Kai nake so ka gani, ka ɗan ji zafi kamar yadda na ji.

Gobe in Allah Ya kai mu zan ɗaga dardumai na kwaso sauran huɗun. Gidanku zan fara zuwa, na ajiye su a gaban Maryam na faɗa mata inda suka kwana wata shida. Duk abin da ta ce mini na cancanta.

Sunan kuwa ban ce a canza ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Lambar farfesar tana wayata, na buɗe ta ya fi sau goma na rufe. Yana nan a sama yadda na nema. Abin da nake so ɗaya ne, ka leƙo ta ƙarƙashin ƙofar shago ran Juma'a, ka ga takardar a kan tebur, ka ɓata rai ka ce ba ka yarda ba. Da a take zan soke shi da hannuna.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mini abin da na riƙe ka da shi. Ka huta lafiya, ƙanena.

Yayanka,
Haruna