Abin da Auta Ta Karanta

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan alhamdu lillahi.

Aiki sai godiya. Bana duk littafin da aka kawo maɗaba'armu na tashin duniya ne. A wannan, ruwa ya cinye birane, a wancan, rana ta ƙi fitowa. Ni dai nawa gyaran rubutu, mutum dubu su mutu a layi ɗaya, in duba in wuce. Ko a jikina. Marubutan kuwa kullum sai ƙiba suke.

Auta ce ba ta min daɗi. Ta rage cin abinci, surutun nan nata da kake cewa kamar rediyo ya ɗauke. Likita ya ce lafiyarta ƙalau.

Ka gaida abokan aikinka.
Matarka, Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaisuwa, da fatan ka samu sauƙi. Na gano abin da ke damun 'yarka.

Ka san takardun gyara da suka lalace nakan kawo mata gida ta yi zane a bayansu. Ashe juyawa take tana karantawa. Babu bango, babu sunan marubuci, ga jan birona a kai, sai ta ɗauka labarin gaskiya ne da ake ɓoye wa yara. Ta saki tantabarunta. Ta daina aikin makaranta, wai ba za a kai jarrabawa ba. Takalminta na fita unguwa ta ba 'yar maƙwabta.

Na zaunar da ita na ce duk ƙage ne. Ta tambaye ni me ya sa to mutane daban-daban suke ta rubuta abu ɗaya. Ni ba ta yarda da ni, tunda a hannuna ta gani. Kai take ji. Don Allah ka nemi hutu ka zo.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na ji ba a ba da hutu sai baɗi. Ban ga laifinka ba.

Da na gaya mata, ina jiran ta yi kuka, ban ga ko ƙwalla ba. Ta gyaɗa kai kamar wata tsohuwa, ta je ta wanke kwanonta ta kife. Ni ma na laluba zuciyata in ji wani abu, shiru. Gobe akwai wani sabon littafin a teburina, na annoba ne.

Ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce kada ka wahalar da kanka da hanya, ta san ba za ka iso kan lokaci ba. Ta ce ta yafe maka, kai ma ka yafe mata.

Ka huta lafiya.
Matarka, Maman Auta