Gidan Zanzaro a Cikin Inji

Malumfashi, 9 ga Yuni

Zuwa ga Hajiya Injiniya Raudatu,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ki yi mini afuwa a kan ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Sunana Rahab Jonah. Ba lalle ki tuna ni ba. Bara da kika zo makarantarmu haɗa famfo mai aiki da hasken rana, ni ce yarinyar da ta riƙe miki sifana har aka tashi. Kin tambaye ni abin da nake so in karanta, kunya ta hana ni amsawa. Amsar ita ce injiniya, ɓangaren injuna.

Na ci maki 241 a JAMB. Jami'ar Zariya ce na cike a fom ɗina, amma an ce masu nema suna da yawa, ba tabbas a ɗauke ni. Akwai kuma wata sabuwar jami'a mai zaman kanta, tafiyar awa ɗaya daga nan. Sun zo makarantarmu da takardu masu hotunan injuna, sun ce gurbi na jirana. Gwaggona Matta tana garin, a wurinta zan zauna. Baba can yake so. Ya ce ba zai kai ni inda babur ɗinsa ba ya zuwa ba.

Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in je kafe, wato shagon intanet, in canja zaɓi. Ban san abin da zan yi ba. Mati direba, mai lodin Zariya, ya ce ya san shagonki, shi zai kawo wannan.

Taki mai biyayya,
Rahab Jonah

Zariya, 14 ga Yuni

Rahab,

Na amsa gaisuwa. Na tuna ki mana! Mai sifana, wadda ta ƙi yi mini magana amma ta miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku tun kafin in tambaya.

Ba zan zaɓa miki ba, don ba ni zan yi zaman shekara biyar ɗin ba. Ban san sabuwar makarantar nan ba, saboda haka ba zan yabe ta ba, ba zan kushe ta ba. Amma hoto ba inji ba ne. Ki roƙi Babanki ya kai ki ku gani da ido. Ku ce a nuna muku takardar amincewar hukumar injiniyoyi, sannan a buɗe muku ɗakin injuna. Ki shafa inji da hannunki. Wurin da ake aiki ba a fita daga cikinsa da farin hannu.

Zariya kuma gaskiyarki, suna iya ƙin ɗaukar ki. Ni ma shekarar farko ba su ɗauke ni ba, na zauna gida ina tuya wa ƙannena ƙosai ina fushi da kowa. Ki san da wannan kafin ki yanke.

In kun je, ki buɗe baki. Inji ba ya cizo in a kashe yake.

Raudatu

Malumfashi, 27 ga Yuni

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na gode da amsarki. Na karanta wa Baba ita sau biyu. Ya ce, "Ana tsakiyar noma za a ce in bar masara in je kallon ƙarfe?" Amma ranar Talata da safe na ga yana hura wa babur iska.

Makarantar tana da kyau ƙwarai. Wani malami ya zagaya da mu. Batun takarda, ya ce tana hanya. Ɗakin injuna kuwa sai da aka nemo makulli. Injuna shida ne manya, koraye, irin na hoton. Ya ce kullum ɗalibai suna aiki da su. Na shafa kamar yadda kika ce, hannuna ya fito fari. Na so in yi tambaya, amma ban yi ba. Ki gafarce ni. Na ce a raina wataƙila tsabta ce da su.

Baba kuwa yana ta zagaye hannunsa a baya, kamar yadda yake duba buhun taki kafin ya saya. Da ya zo babban injin feƙe ƙarfe sai ya durƙusa ya leƙa inda yake juyawa. Ya kira ni. Gidan zanzaro ne a manne tsakanin haƙoran injin, har guda uku. Ya taɓa ɗaya da makullin babur ya ce, "Wannan na bara ne, kin ga hudar da 'ya'yan suka fita. Wannan kuma ɗanye ne, na bana." Ya sani ne saboda haka zanzaro yake toshe masa famfon feshi duk rani in ya rataye shi.

Ya miƙe ya dubi malamin ya ce, "Malam, ɗalibanku masu tausayi ne. Damina biyu suna juya injin nan, ba su rushe wa zanzaro ɗaki ba." Malamin ya yi dariya, ya ce wuta ce ba a gama haɗawa ba.

Mun biya gidan Gwaggo Matta, har ta share mini ɗaki ta sa labule. Abin ya taɓa ni. Baba ya ci tuwonta ya yi godiya, bai faɗa mata abin da muka gani ba.

A hanya muka wuce kafe bai tsaya ba. Na yi zaton mantawa ya yi, na taɓa kafaɗarsa. Ya ce, "Bar shi yadda kika cike. Zariyar ma babur na zuwa, sai dai a huta a Funtua."

Taki,
Rahab

Zariya, 2 ga Yuli

Rahab,

Ki gaishe mini da Baba Jonah. Ki ce masa shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ban taɓa tunanin in tambayi zanzaro ba. Yanzu saura jira. Kada ki zauna hannu sake.

Raudatu

Malumfashi, 19 ga Oktoba

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa. Sunayen farko na waɗanda Zariya ta ɗauka sun fito, babu nawa. An ce akwai na biyu a wata mai zuwa. 'Yan ajinmu biyu da suka zaɓi waccan makarantar har sun fara karatu, ranar Lahadi na gan su a coci da katin ɗalibai a wuya. Na yi kuka kaɗan, ba da yawa ba.

Muna cire masara. Injin casar unguwarmu ya tsaya, mai shi ya yarda na kwance murfin, na gano bel ne ya saki. Hannuna ya yi baƙi har gwiwar hannu. Baba ya hana ni wankewa sai da Mama ta gani.

Ko sunana ya fito ko bai fito ba, ina neman izini in sake rubuto miki, in ba zan takura ki ba.

Taki mai biyayya,
Rahab Jonah