Igiyar Ƙirjin Kili

Yaya,

Na leƙo na tarar kana ta minshari, ban tashe ka ba. Na wuce wurin likitan haƙori.

Da sassafe na fitar da dokinka Kili ya motsa jini. Ka san igiyar nan da ka ɗaura masa daga ƙirji zuwa ragama don kada ya riƙa wurga kai sama? Na ga kamar ta takura shi, tausayi ya kama ni, na kwance ta na rataye a ƙofar barga. Ko zagaye biyu ba mu yi ba iska ta taso da wata leda, gogan naka ya zabura, ƙeyarsa ta same ni a baki. Kai ne da gaskiya, na yarda, ba sai ka maimaita ba.

Don Allah mayar masa da ita kafin 'yarka ta hau ƙarfe huɗu. Bar ta sakwa-sakwa yadda ka saba, kada haushina ya sa ka tamke masa wuya.

In ka tsinci rabin haƙori a fili, nawa ne.

Ƙanwarka mai sabon wawulo